Tsakar Yashi da Tukunyar Goggo

A garinmu Burumburum, Rediyo ake ce mini. Sunana na yanka Dije, amma rabona da jin sa a bakin mutane tun ranar da na ba da labarin macijin gonar Baffa, wanda na ce kansa na cikin masararmu, jelarsa na shan hantsi a kasuwar Tudun Wada. Na faɗi wannan tun da wuri don ku san da wa kuke tafiya. In na ce dubu, ku cire sifiri biyu. Amma abin da ya same mu a ƙasar Abzin ko sifiri ɗaya ban ƙara masa ba. To, wataƙila ɗaya.

Goggo Sa'a, ƙanwar babana, ita ta ɗauke ni. Ta ji cewa can arewa da Agadas akwai sansanin masu haƙar zinare, maza sun fi tururuwa yawa, babu mai yi musu tuwon kirki. Ta ɗaure tukwanenta uku da muciya da ludayi, ta ce tana bukatar mai taya ta. Ni kuma na gama aji uku na sakandare, ina zaune ina cika wa mutane kunne. Gidanmu kaf suka yarda in bi ta, da wani irin sauri da har yau nake tuhuma.

A Damagaram muka fara kwana. Wata mai fura ta ji harshenmu a tasha, ta ce mu Kanawa ne, ta ja mu gidanta ba ta ko tambayi sunanmu ba. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta dama mana fura mai kauri. Ina cikin sha na hango tsaka a bangon ɗakin. Ban ajiye ludayin ba na zare silifas da hagu na aika mata. Ta faɗo.

Mai furar ta ce, "Ikon Allah. Wannan yarinya ko soja."

Goggo ta ce, "Abin da ta iya kenan, sai surutu."

A garinmu tsaka ba ta da masoyi. Tun muna rarrafe ake gaya mana dafi gare ta, in ta faɗa a abinci ko ruwa aka ci, yatsu za su guntule. Don haka ko miyar salla ce, in tsaka ta taɓa, zubarwa ake yi a wanke tukunya da toka. Yara kuma sun ce akwai lada a kashe ta, bugu ɗaya ya fi biyu. Ni a lissafina na tara ladan da zai ishi unguwarmu har da baƙi.

Daga Tanut bishiyoyi suka fara ƙanƙancewa kamar ana rage musu abinci. Tun ina ƙirga su har suka ƙare, na koma ƙirga duwatsu. Sama ta yi faɗi, ta sauko har ƙasa ta kowane gefe, kamar an kife mu da ƙwarya shuɗiya. Na yi ta gyangyaɗi ina mafarkin gonakin rake, in farka in ga babu komai sai hanya tana rawa cikin zafi.

A Agadas muka haɗu da direban da ba zan faɗi sunansa ba, don ban ma yarda wanda ya gaya mana nasa ne ba. Yana da haƙorin Makka da baki mai zuma. Kafin mu gama gaisawa ya kai Goggo Hajji sau uku da baki, Hajiya sama Hajiya ƙasa. Ya ɗora mu a bayan akori-kurarsa tare da wasu mutum biyu. Na farko Sale Tela, da muka koma ce wa Kawu Tela, mutumin Yako ta ƙasar Kiru, wanda ya naɗe keken ɗinkinsa a bargo ya rungume kamar amarya. Da ya ji mu 'yan Burumburum ne sai da idonsa ya kawo ruwa, ya tambaye mu ko an yi shuka kafin mu taso. Ta biyu wata tsohuwar Buzuwa ce mai suna Takna, siririya, sanye da baƙin mayafi da ya rina mata goshi. Ta je Agadas neman maganin yanar ido ba a dace ba, za ta koma wurin danginta. Haske da duhu kawai take rarrabewa.

Mun yi yini da kwana muna tafiya. Rana ta biyu da azahar muka tarar da wata mota ta lalace, mutanenta na tsaye da manyan jakunkuna. Direbanmu ya sauka, suka koma gefe, na ga haƙorin Makka yana walƙiya. Ya dawo ya ce mu ɗan sauka a gindin wata bishiyar ƙaya, zai miƙa bayin Allahn nan kusa ya dawo kafin la'asar.

Goggo ta ce, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Haba Hajiya, uwata ce ke."

Ya watso mana kayanmu. Jarkar ruwanmu ta faɗi a kan dutse ta tsage. Muka bi ƙurar motar da ido har ta zama zare, zaren ya tsinke.

Takna ce ta fara magana. Hausarta a hankali take fita, kamar tana tsintar kalmomin daga ƙasa. Ta ce ba zai dawo ba, amma motar kasuwa na bin hanyar nan, nan da kwana uku. Ta sa muka juye abin da ya rage a jarkar cikin babbar tukunyar Goggo, ya kai rabi. Ta sa Kawu Tela ya tona rami a inuwa, muka binne tukunyar har wuya don ruwan ya yi sanyi, muka rufe. Ta zura ludayi ta auna da hannunta.

Ta ce, "Uku da safe, uku da yamma, kowa. Alwala da ƙasa. In mun yi haka, motar za ta same mu da rai."

Zan faɗi gaskiya tunda na yi alkawari. Cikin dare na lallaɓa na saci rabin ludayi, kuma garin sauri ban mayar da murfin daidai ba.

Da asuba na riga kowa tashi. Na ɗaga murfin, sai ga wata 'yar aba tana iyo a ruwanmu, tana kai kawo da ƙananan hannuwa, ta kasa hawa. Ba ta kai ɗan yatsana tsawo ba. Amma kai na tsaka ne, jela ta tsaka. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi, hannun da aka koya wa tun yana ƙarami. Na ciccibo tukunyar daga ramin, na kai ta nesa da inda muke kwance, na tuntsurar. Yashi ya shanye ruwan kafin in ƙifta ido. 'Yar abar ta ruga, na aika mata silifas, na kuskure, karo na farko a tarihi. Na ɗebi yashi na goge tukunyar tas, na dawo ina tafiyar wadda ta ceci al'umma.

Na ce, "Goggo, Allah Ya tsare mu. Tsaka ce ta faɗa ruwan, na zubar."

Goggo na murza ido ta ce, "Tsaka? Madalla da kika gani."

Kawu Tela ya gyaɗa kai. "Ai da mun shiga uku. Ni da nake cin abinci da yatsu."

Sai duk muka dubi tukunyar da ba ko ɗigo a ciki. Ina kallon yadda abin ke sauka a fuskokinsu a hankali, kamar yadda yake sauka a cikina. Takna ta juyo da fararen idanunta wajenmu.

"Duka?"

Na ce, "Duka, Iya."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Ku mutanen ƙasar ruwa ne," ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Ranar nan rana ta fito da 'yan uwanta. Na ƙirga guda bakwai. Muka ɗaura zannuwa a jikin ƙayar muka kwanta ba mai motsi. Harshena ya zama busasshen ganda. In na rufe ido sai in ga dam ɗin Tiga ya taso daga Bebeji yana tafe a kan iska, da kwale-kwalensa da masuntansa, ya tsaya saitin kaina, in buɗe baki, ya wuce. Kawu Tela ya yi ta shafa bargon kekensa yana ba shi haƙuri.

Goggo ce abin ya fi kamawa, don tun Agadas take fama da zazzaɓi tana ɓoyewa. Da la'asar leɓɓanta suka tsattsage, jikinta ya yi zafi ba gumi. Ta fara kiran sunayen mutanen Doguwa, inda ta yi zaman aure.

Ta ce da ni, "Dije, kwashe shanyar nan, hadari ya haɗo ta Riruwai."

Sunana na yanka ta kira, ba Rediyo ba. A nan na tsorata.

Da rana ta faɗi na koma bakin ramin da tukunyar ta bari na zauna, don ban iya kallon Goggo. Iska ta yi sanyi. Wata ya fito ƙato, yashi ya koma kamar garin gero da aka baza. Sai na ga ƙasa tana buɗe ƙananan ƙofofi. Daga wani rami da bai fi bakin kwalba ba kan tsaka ya leƙo, sannan jiki. Wata ta fito daga ƙarƙashin dutse. Hannuna ya tafi neman silifas.

Takna ta ce daga bayana, "Ajiye." Ban san yadda ta gani ba. Ta zauna kusa da ni tana nishi. "Idona ya tafi. Naki na nan, bakinki ma na nan, tun Agadas nake jin sa. Gaya mini abin da kike gani. Kada ki ƙara gishiri."

Ban taɓa kallon tsaka ba sai don in auna inda zan buga. Na kwanta rub da ciki na duba. Na ce mata wannan ba irin ta bangonmu ba ce. Fatarta fara-fara ce da ɗan ja, kamar cikin kunnen jariri, da ɗigo-ɗigo launin ƙasa a baya. Idanunta sun yi wa kanta girma, ba ta ƙiftawa, sai dai ta zaro harshe ta lashe ido ɗaya, ta lashe ɗayan, kamar mai goge madubi. Ba ta jan ciki, a tsaye take tafiya kan dogayen ƙafafu, jela a sama tana kaɗawa kamar kyanwa.

"Yatsun fa?"

"Sirara ne, Iya. Ba su da faɗin nan na manne wa bango. Akwai ɗan geza a gefensu."

"Shi ya sa ta kasa fita daga tukunyarku. Ba ta san bango ba, yashi ta sani. Da rana tana ƙasa inda yake da sanyi. Ba ta zuwa rijiya. Raɓa take lasa a jikin dutse da jikinta, sauran ruwan kuma a cikin abin da take ci yake. Ta fi ku hankali da ruwa."

Ina kallo ɗaya ta tsaya cak, ta yi tsalle ta cafke wani ɗan ƙwaro, ta yi ƙara siririya kamar sabon takalmi. Wata ta bi ta gabana, na haska ta da fitilar wayata. Hasken ya ratsa cikinta. Na ga abu biyu farare a kwance a ciki.

Na ce, "Iya, wallahi ana ganin cikinta. Ƙwai biyu."

"Biyu take yi. Ta binne a yashi ta tafi." Ta juya fuskarta gabas. "Mai ƙwai ba ta zama inda babu abinci. Ƙwaro kuma ba ya zama inda ƙasa ta mutu sarai. Tun jiya nake jin ƙamshin kori ta gabas."

Kori shi ne busasshen rafi a bakinsu. Ta ce ruwan damina na ɓuya a ƙarƙashin yashinsa, amma ba ko'ina ba, sai inda dutse ya tare shi ta ƙasa. Korin na da tsawo, bishiyoyin bakinsa duk kamarsu ɗaya, mu kuma ƙarfin rami ɗaya ya rage mana. In muka tona inda babu, shi ke nan.

"Da ina gani, sawunsu zan bi. Inda suka fi yawa, nan ne."

Kawu Tela ya matso da rarrafe, ya karɓi wayar ya haska ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ai ɗinkin hannu ne. Dubi, ɗigo-ɗigo biyu a jere, ga zare a tsakiya inda jela ta taɓa. Na ƙwaro ya fi ƙanƙanta, kamar aikin hula. Kada ki haɗa su."

Shi ya zauna da Goggo. Ni na ɗora ƙaramar tukunya a ka, da kwano da murfi a ciki, Takna ta dafa kafaɗata muka nufi gabas.

Har yau in na tuna tafiyar nan sai in rasa ko a farke na yi ta. Taurari sun sauko har ina jin in na yi miƙa zan kaɗo su. Inuwarmu ta yi gaba, doguwa mai kai biyu. Muka gangara cikin korin, yashi mai laushi, farare fat. Ina faɗa mata abin da nake gani, tana cewa mu ci gaba. Nan ɗinki ɗaya. Nan biyu, sun rabu. Nan babu komai sai sawun wata 'yar dabba mai kama da na kare, ta ce yanyawa ce, ita ma su take farauta. A kwana ta farko na so in ce mata sun kai ɗari, don ƙafafuna sun gaji kuma bakina ya saba. Na haɗiye. Na ce huɗu.

A kwana ta uku, inda wani baƙin dutse ya shigo cikin korin, na tsaya. Yashin wurin kamar gaban babbar riga, ɗinki kan ɗinki. Na haska, ƙananan idanu suka ɗauki hasken ta ko'ina, suna tsaye a kan dogayen ƙafafunsu suna kallona kamar na shigo musu taron biki ba gayyata.

"Nawa?"

"Iya, in na faɗa za ki ce Rediyo ce."

Ta durƙusa ta tura hannu cikin yashin har gwiwar hannu, ta shinshina. Ta ce, "Kin iya tono?"

A nan ne na ji ni mutum ce. Kowace 'yar Burumburum ta san tonon yashin rafi da rani. Baki da faɗi don kada ya rufta, a watsa yashin nesa, a riƙa dunƙula shi a hannu ana dubawa. Na kama aiki da murfin tukunya. Na tona har gwiwa, yashi na zubewa ta tsakanin yatsuna. Na tona har cinya. Na tona har na fara jin kiran sallar garinmu ta ƙasa. Da ramin ya kai ƙuguna na dunƙula yashin, na buɗe hannu, ya tsaya a dunƙule. Na sa wa Takna a tafin hannu. Ta kai shi goshinta, ta ce alhamdu lillahi, a hankali.

Ruwan bai yi gaggawa ba. Tsattsafowa yake kamar mai jin kunya. Na danna kwanon a gindin ramin har bakinsa ya yi daidai da yashi, na fito na kwanta a gefe don in huta kaɗan. Barci ya sace ni.

Da na farka gabas ta yi ja. Na leƙa. Kwanon ya cika da ruwa launin kunun kanwa. A tsakiyarsa kuma, ga wata tsakar tana iyo da ƙananan hannuwanta. Damshin ya jawo ƙwari, ƙwarin sun jawo ta, gangaren ramin ya zame da ita.

Takna na zaune tana jan carbi, ba ta ganin komai. Babu wanda ya sani sai ni. Hannuna ya kama bakin kwanon, ya fara karkata shi da kansa. Na riƙe shi da ɗayan. Na tuna labaran da aka ba mu a tsakar gida, na tuna leɓɓan Goggo. In na zubar, kafin wani ya taru rana ta ɗaga.

Na tura tafina a ƙarƙashinta na ɗago. Ba ta da nauyi ko na ƙwayar gyaɗa, sanyi gare ta, ina jin zuciyarta na bugawa a fatata. Ta lashe ido ɗaya tana kallona. Na ajiye ta a gindin dutsen, ta yi ɗinkinta ta shige.

Na yi bisimilla na kurɓa, ni da fari, don in akwai abin da zai faru ya fara ta kaina. Na zauna na baza yatsuna a kan gwiwa ina jira. Ba yatsan da ya motsa. Na ba Takna ta sha. Muka tace sauran da gefen mayafi cikin tukunya, muka jira wani ya taru, muka kama hanya.

Mun tarar da Kawu Tela yana yi wa Goggo fifita da murfin kwano, shi kansa yana layi. Na ɗago kanta na ɗiga mata a baki da ludayi, kaɗan-kaɗan yadda Takna ta ce. Sai da hantsi ya yi kafin idonta ya dawo daidai. Ta karɓi ludayin da hannunta, ta leƙa ciki.

Ta ce, "Ba abin da ya faɗa a ciki dai ko?"

Kawu Tela ya tsaya da nasa kwanon a baki.

Na ce, "Tsaka ta faɗa, Goggo. Fara, ana ganin cikinta, tana lasar idonta da harshe. Ni na cire ta da hannuna, na riga kowa sha."

Goggo ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Rediyo. Ko a bakin kabari sai kin yi ƙarya." Ta kafa kai ta shanye, ta miƙo ludayin a ƙara.

Sau biyar na koma ramin nan kafin motar kasuwa ta zo, ranar da Takna ta ce. Mun rabu da Takna a wata mararraba inda jikokinta ke jira da raƙumi. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta ce idon ya fi bakin, in riƙa ba shi dama.

Mun kai sati biyu a sansanin masu zinare, tuwon Goggo ya karɓu, Kawu Tela ya kwance wa amaryarsa bargo. Wata asuba ina barci na ji ana taɓa hannuna. Na buɗe ido kaɗan. Goggo ce a durƙushe, ta kama yatsuna tana bi ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta na motsi. Ta gama da dama ta koma hagu. Sannan ta baza nata a hasken ƙofa ta ƙirga.

Na ce, "Nawa kika samu, Goggo?"

Ta saki hannun. Ta ce, "Tashi ki hura wuta. Kuma ki rufe tukunyar nan daidai."